Shirun Da Na Goge a Taken Mahauta

Liman yana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da wani abokin aikina mai koyar da Hausa a kwalejinmu. Ni ina rungume da jakar kwamfuta, shi kuma na ɗora masa ƙaramar sifika da ƙullin goro. Tun ranar da ya ce zai raka ni na san ba don Allah kaɗai ba ne, ya ji labarin rogon Batsari ya fara shigowa kasuwa.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, kiɗa nake koyarwa. Shekara biyu ke nan ina haɗa wani ɗan littafi na kaɗe-kaɗen ƙasar Katsina a rubuce, irin rubutun nan na layuka biyar da ɗige-ɗige masu jela, wanda mahaifiyata har gobe take kira tururuwa a kan igiyar shanya. Layukan ana yanka su ne ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da yawan bugun da yake ɗauka. Da wata manhaja nake aikin a kwamfuta, kuma abin da ya fi burge ni da ita shi ne, in ka gama rubutawa tana iya kaɗa maka abin da ka rubuta ka ji da kunnenka.

Kiɗan da na sa a farkon littafin taken mahauta ne, na wani tsoho mai kalangu da kowa ke kira Baba. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a gefen Runka, ɓarayin daji suka tashe su, ya dawo Batsari wurin ɗansa. Bara na same shi a zaure, daga ni sai shi, ya kaɗa mani na ɗauka a waya. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, ka rubuta abin da kake so, amma kada ka kai shi ga injin buga littafi sai na ji shi da kunnena." Na yi masa alkawari. To ga shi masu ɗab'i sun ce in ban kawo aikin ranar Litinin ba sai dai in jira wani zangon karatun. Ke nan ko dai Baba ya ji ya ce ya yarda, ko in cire takensa daga littafin, kuma a iya bincikena babu wani mai rai da ya riƙe taken nan daga farko har ƙarshe in ba shi ba.

Sai dai ban tashi da wata fargaba ba, da alfahari ma na tashi. A cikin abin da na ɗauka bara akwai wurare biyar da Baba ya tsaya cak, ba ka jin komai sai numfashinsa da kukan kaji, sannan ya ci gaba. Na ce tsufa ne, ga ciwon kafaɗa, dole ya riƙa hutawa. Da na zuba kiɗan a manhaja sai wuraren nan suka fito ɗakuna wayam, aikin ya kai shafi uku da ɗan kai. Ni kuwa ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina ita ce kada ka sa makaɗi juya shafi yana tsakiyar kiɗa, don hannayensa biyu duk suna aiki. Sai na bi ɗakunan da babu komai ɗaya bayan ɗaya na goge, na matse tazarar layuka, na daidaita gefe da gefe, na rage girman rubutun sama. Mako biyu ina wannan gyaran har taken ya zauna daram a shafi biyu masu kallon juna, sumul kamar shaddar da ta sha bugu. Duk wanda ya shigo ofishina sai na nuna masa, har da masu shara.

Ƙaramar mota muka samu, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, da abokina ya yi ƙorafi direban ya ce ya je gidan mai ya yi masu bayani. Muna fita gari ƙasa ta buɗe. Ƙarshen damina ne, an yanke gero an jera dammuna a bakin gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, mata da maza sun duƙufa cirar gyaɗa tun rana ba ta ɗaga ba. Hanyar da kyau a wasu wuraren, a wasu kuma direba ke zaɓar ramin da ya fi sauƙi. A wani shingen jami'an tsaro aka ce in buɗe jaka. Jami'in ya zaro takardun taken ya juya su sama da ƙasa, ya tambaye ni wane yare ne wannan. Kafin in yi magana abokina ya ce, "Yaren kalangu ne, ranka ya daɗe." Mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce, Allah ya ba mu sa'a. Can gaba kuma muka fara wuce gonakin da ba a noma ba bana, ciyawa ta kai ƙugu, hirar cikin mota ta mutu da kanta har sai da muka hango rufin kwanon Batsari.

Ranar kasuwa muka dace da ita. Mutanen Wagini da ƙauyukan kusa suna ta shigowa, wasu a babura an ɗaure buhu biyu har uku, wasu da jakuna ɗauke da wake. Muka zauna wurin wata mai koko muka karya da ƙosai mai zafi, sannan abokina ya cika burinsa. Rogo ne dafaffe, fari tas, yana tsagewa da kansa, an barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji. Na ɗari biyar ya saya da farko, ya ce ɗanɗanawa zai yi. Sau uku yana komawa ɗanɗanawar.

A rumfar mahauta muka sami ɗan Baba yana gyara teburinsa. Bayan mun gaisa ya ce ai Baba yana Safana, 'yar tsohon ce, ƙanwarsa, ta haihu, jiya aka yi suna, shi ya dawo saboda kasuwa, tsohon kuma ya ce sai ya ƙara kwana biyu. Na ce to ai tun shekaranjiya nake kiran wayarsa a kashe. Ya yi dariya ya ce Baba ba ya kunna waya sai in shi ne zai yi kira, yana gamawa yake kashe ta don kada caji ya ƙare.

Tun da ga mahauta ga sifika, zuciyata ta ce in ɗan gwada abina. Na ɗora kwamfuta a kan benci na kunna. Kalangun manhaja ba shi da daɗin na fata, amma take na fita kowa ya gane shi, har masu sayen nama suka juyo. Akwai wani dattijon mahauci mai jiki, da furfura a gemu, yana tsakiyar sara ƙashi. Na ga ya saki ƙashin, ya ɗaga wuƙarsa sama, ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki. Kiɗan ya wuce abinsa. Ya tsaya da baki a buɗe na ɗan lokaci, sannan ya rufe, ya sauke wuƙar a hankali. Da aka gama na tambaye shi yaya ya ji, ina jiran yabo.

"Kiɗan dai shi ne," in ji shi. "Amma wanga makaɗin naka bai jiran kowa."

Na ce ai inji ne, ba ya gajiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ku kai ma Baba dai shi ji." Ya koma kan ƙashinsa. Ni a lokacin na ɗauka irin mutanen nan ne da ba a iya burge su, har na faɗa wa abokina haka muna tafiya. Shi kuwa bakinsa cike da rogo, kai kawai ya gyaɗa.

Daga Batsari zuwa Safana ba a tashi sai an tambaya. A tasha aka ce a-kori-kura ɗaya ce za ta bi ta Runka, kuma kafin azahar take son ta isa, don bayan la'asar ba mai bin hanyar. Muka hau baya muka zauna a kan buhunan masara, tare da mata uku masu ƙwaryar nono, da wani malamin allo da zai je gaida ɗan'uwansa, da akuya guda da ta ƙudiri aniyar cin igiyar jakata. Duk abin hawan da muka yi kiciɓis da shi sai direbanmu ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Hanya lafiya?" A ce masa lafiya lau, sannan ya taka. Ba zan ɓoye maku ba, tsoro ya kama ni, na karanta duk addu'ar da na sani har na fara maimaitawa. Matan nan kuwa hirarsu suke ta tsadar gero suna dariya, ɗaya ma ta ce in riƙe jakar da kyau, tun da na fi tausayinta a kan ƙashin bayana. A Runka muka tsaya aka sauke buhu huɗu, aka ɗora mutum biyar. Garin na nan da ransa, ana awo, ana gyaran babura, yara na fitowa daga makaranta, amma kowa ka duba idonsa na kan hanya.

Ana kiran azahar muka shiga Safana. Muka yi salla, muka tambayi gidan da aka yi suna jiya, wani mai gyaran takalmi ya nuna mana da baki. A ƙofar gidan, cikin inuwar bedi, muka tarar da Baba a kan tabarma da kalangunsa a gefe, tare da maza kamar goma, yawancinsu mutanen tsohon ƙauyensu da suna ya tara, ba su kai ga watsewa ba. Muka durƙusa muka kwashi gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Katsina kamar duk a gidana suke kwana, muka yi masa barka da samun jika. Aka kawo fura da nono mai sanyin randa da sauran naman suna. Sai da muka ci muka sha sannan ya ce, "To, ɗan nan, ina abin?"

Na miƙa masa takardun don ya ga kyawunsu. Ya shafa su, ya ce takarda mai kyau ce, ya ajiye a ƙarƙashin takalminsa don kada iska ta ɗauka. Na kunna. Ya lumshe ido, yatsunsa na bin kiɗan a kan gwiwa, har ya ɗan yi murmushi, ni kuma bakina har kunne. Da aka zo inda ya fara tsayawa bara sai na ga ya ɗaga kai, wani saurayi a gefensa ya yunƙura zai miƙe, kiɗan ya zarce, saurayin ya koma ya zauna. A wuri na biyu Baba ya buɗe ido. A na uku ya ɗaga hannu.

"Tsaida shi." Na tsayar. "Ina mutanen?"

Na ce waɗanne mutane, Baba?

"Mutanen da ka iske ciki. Ina ka kai su?"

Na fara bayani cewa wuraren da ya huta ne na cire, don rubutun ya yi tsaf. Ban ƙarasa ba wurin ya kaure da dariya, wani har da buga cinya. Baba kaɗai ne bai yi ba.

"Hutawa? Ni da nike kwana ina kiɗa ban sauke kalangu ba, take guda za ya sa in huta har sau biyar?" Ya gyara zama. "Gida biyar munka taso da su masu fawa a garinmu. Take nasu ne, ni kira kawai nike. In na kira gida sai in tsaya, mai gidan shi ɗaga wuƙa shi yi kirarinai, in ya sauke in kira na gaba. Ran da ka zo babu kowa zauren, amma ai ba ni wuce mutum don bai nan. Kowa na tsaya mashi daidai tsawon kirarinai. Kai kau ka kwashe su duka, ka bar ni ni ɗai ina ta surutu kamar mahaukaci."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗalibi. Nan take na tuna dattijon Batsari da wuƙarsa a sama da bakinsa a buɗe. Ashe mutumin amsawa zai yi na rufe masa baki, har na koma ina zaginsa a zuciya. Shekara sama da goma ina koyar da alamomin shiru a aji, ina ce wa ɗalibai shiru ma ƙidaya shi ake yi, ga ni na goge guda biyar don gefen takarda ya yi kyau. Abokina, wanda ya kamata ya rufa mani asiri, shi ya fi kowa dariya.

Na tambayi Baba ko zai yarda a buga hakan in ya so in yi bayani a ƙasan shafi. Ya ce a'a, ko kusa. In haka zai fita gara kada ya fita, ya mutu da abinsa ya fi masa a ce wata rana jikokin gidajen nan su ji an kaɗa taken kakanninsu ba a tsaya masu ba. Na duba agogo, na duba batirin kwamfuta, saura kaɗan ya mutu, kuma motar ƙarshe ta Dutsin-Ma ba ta wuce la'asar sakaliya. Na ce to a ba ni awa biyu.

Akwai mai cajin waya da hasken rana a bakin titi, nan muka kwashe gaba ɗaya, har tabarmar. Mai shagon ya ce kuɗin cajin kwamfuta na waya uku ne, abokina ya tsaya ciniki, na ce ya biya kawai. Na zauna a kan benci da kwamfuta a cinya, Baba ya rataya kalangu ya ɗauki gula. Tsarin da muka bi shi ne, ya kira gida ya tsaya, ni kuma in ƙidaya bugu da ƙafa har ya dawo, sannan in buɗe ɗakuna daidai yawan abin da na ƙidaya. Gidan farko ɗaki uku, na biyu ɗaki biyu kacal, don an ce mai gidan ba ya son dogon zance. Manhajar kuma ta ƙi ba ni haɗin kai. Ɗabi'arta ce in ta ga ɗakunan da babu komai a jere sai ta dunƙule su wuri guda ta ɗora lamba a kai, wai tana taimako. Ina buɗewa tana dunƙulewa, sai da na tono inda ake hana ta. Baba ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa. Ya ce, "Ashe ba kai ɗai ba ne, ita ma ba ta da kunya."

Da na fara sa sunan kowane gida a saman ɗakunansa, sai saurayin nan da ya yunƙura ɗazu ya ce me zai hana a rubuta kirarin ma a ƙasa. Manhajar tana da wurin rubuta baitin waƙa a ƙarƙashin layi, nan na zuba su. A nan abokina ya yi ranarsa, shi ke tsayar da mai magana ya ce a maimaita, yana gyara mani inda ƙugiyar harafi ta faɗi, yana hura hanci. Gida biyu akwai 'ya'yansu a wurin. Gida ɗaya wani tsoho ne da kansa, haƙoransa sun zube amma muryar na nan. Na huɗu kuwa ashe gidan dattijon Batsari ne, aka kira shi a waya aka sa a sifika. Da ya ji abin da ake ciki ya ce, "Au, makaɗin naku ya koyi jira?" Sannan ya faɗi nasa, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

Gida na uku a jerin kiran shi ya ba ni wahala. Sau uku Baba na tsayawa ina ƙidayawa, kowane karo lissafin daban, wani ɗaki biyar, wani shida da rabi. Na ce Baba, wannan ba ya zama. Mutanen wurin suka yi murmushi. Aka ce mai gidan, Allah ya jiƙansa, yana da i'ina, kirarinsa gajere ne amma ba a san ranar da zai fita da wuri ba, shi ya sa Baba bai taɓa yanka masa lokaci ba, sai ya ga wuƙa ta sauka. Sai na tuna da wata alama da muke da ita, mai kama da gira da ƙwayar ido a ƙarƙashinta, ma'anarta a dakata har sai mai abu ya gama. Na ɗora ta na nuna wa Baba na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "To, su ma masu abin ga sun san mutunci."

Na ce saura kirarin, wa zai faɗa? Ɗa guda marigayin ya bari, kuma tun da aka watse daga ƙauye ba wanda ya sake sa shi a ido, an dai ce yana cikin Katsina yana tsire. Na ce Baba ai kai ka san shi, shekara nawa kana ji. Ya ce ya sani sarai, har inda harshen ke sarƙewa, amma ba a yi wa mutum kirarin gidansu da bakin wani, na ɗansa ne. Na so in matsa, abokina ya taka mani ƙafa.

Aikin ya koma shafi uku cur. Da na zo raba shafukan sai na ga wautata ta ƙara fitowa fili, domin in na sa ƙarshen shafi ya faɗa daidai kan shirun wani gida, hannun makaɗi a sake yake, ya juya takarda a tsanake. Matsalar da na ɓata mako biyu ina gudu, Baba ya riga ya bar mata wuri har biyar.

Muka kunna daga farko. Zuwa lokacin mutane sun taru a bakin shagon, masu babura sun kashe injinansu, mata na leƙowa ta katanga. Kwamfuta ta kira gidan farko ta tsaya. Saurayin nan ya miƙe, babu wuƙa a hannunsa sai ya ɗaga makullin babur, ya ce, "Sai ni na gidan Dogo, masu kada sa tun liman bai juyo ba!" Aka ɗauki sowa, wata mata ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Yana saukewa kiɗan ya dawo daidai kan gaɓa. Na biyu ya yi nasa a taƙaice kamar yadda ya gada. Da aka kira gida na uku kiɗan ya tsaya, ba wanda ya amsa. Ba kuma wanda ya yi tari ko ya motsa. Na ga leɓɓan Baba suna motsi a hankali ba sauti, idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa haka. Sannan kiɗan ya ɗauka, dattijon Batsari ya kwarara nasa ta waya har sifikar na rawa, tsohon nan mai wawulo ya rufe, aka tashi da dariya da tafi.

Baba ya sauke kalangunsa ya ce, "Yanzu kam shi ne. Kai shi ga injin. Amma wurin yaron nan ka bar mashi shi yadda yake, kada ka cike shi da komi."

Da ƙyar muka sami motar Dutsin-Ma, an cika mana leda da gyaɗa sabuwar cira da ƙullin naman suna. Wannan hanyar ta fi kwanciyar hankali, abokina ya yi barci tun kafin Kurfi da sifika a ƙirji. Ana kiran magariba muka shiga Katsina, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar ba nawa ba, amma raina fes.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ba mai yawa ba ne, amma ya shige ni. Na je da tunanin ni ne mai adana kiɗan Baba, alhali ko kirga mutanen da ke cikinsa ban iya ba. Yanzu duk abin da na ɗauko a bakin wani, in na ga wurin da ban gane amfaninsa ba, sai na koma na tambayi mai shi kafin in taɓa. Littafin ya tafi maɗaba'a ranar Litinin da safe. A shafi na biyu, wajen ƙasa, akwai layi guda da babu ɗigo ko ɗaya, babu kalma a ƙarƙashinsa, sai sunan gida a sama. Tun da na dawo, duk mai tsiren da na wuce a garin nan sai na tsaya na sayi ko tsinke biyu ne, in tambaye shi daga ina yake. Na yi goma sha ɗaya zuwa jiya, maiɗakina har ta fara tambayar ko abincinta ne ya daina yi mani daɗi. In a unguwarku akwai mai tsire mutumin wajen Runka, wanda mahaifinsa ke da i'ina, don Allah ku gaya masa Baba bai wuce gidansu ba, yana tsaye yana jiransa.